Tausayin Allah da Ƙurar Tsakar Gida



Da wuya a tashi daga sujada ba a ambaci jinƙan Allah ba. Muna faɗinsa a addu'a, muna rera shi a waƙa, mai wa'azi yana tuna mana da shi. Amma idan aka fita daga majami'a, kowa ya kama hanyar gida, da me ake gane tausayi? Me yake yi da hannunsa? Amsar ba ta da nisa da mu. A shekarar 2010 wani abu ya faru a ƙasarmu wanda duniya duka ta ji labarinsa, kuma wanda ya dubi abin da kyau zai ƙara fahimtar abin da Littafi Mai Tsarki ke nufi da tausayi.

Kalmar da ta fito daga ciki

A Tsohon Alkawari, kalmar Ibrananci da aka fi amfani da ita wajen faɗin tausayin Allah ita ce rahamim. Tushenta ɗaya ne da rehem, wato mahaifa. Kunnen Bahaushe ba zai ji ta baƙuwa ba, domin 'yar'uwar rahama ce, wadda ta shigo mana daga Larabci, wadda maƙwabtanmu Musulmi ke ambata kullum. Saboda haka sa'ad da annabi Ishaya (49:15) ya kwatanta Allah da uwa mai shayarwa, yana magana ne a kan abin da mace ke ji game da ɗan da ta ɗauka wata tara. A Sabon Alkawari kuma, kalmar Helenanci da ake fassarawa da jin tausayi tana nufin motsawar kayan ciki. Mu ma a ciki muke ajiye irin waɗannan abubuwa, shi ya sa muke cewa farin ciki da baƙin ciki.

Ga abin lura. Duk inda marubutan Bishara suka ce Yesu ya ji tausayi, aiki ne ke biyo baya nan take. Ya ji tausayin kuturu, ya miƙa hannu ya taɓa shi, mutumin da kowa ke ƙyama (Markus 1). Ya ji tausayin taron jama'a, ya koyar da su, ya kuma ciyar da su (Markus 6). Ya ji tausayin gwauruwar Nayin, ya tsayar da masu ɗauke da gawa, ya mayar mata da ɗanta (Luka 7). Haka Allah ya nuna kansa tun a Fitowa 3: ya ga wahalar jama'arsa a Masar, ya ji kukansu, ya sauko. Babu wurin da aka ce ya girgiza kai ya wuce.

Abin da ya faru a 2010

A yawancin watannin 2005 ozar zinari ba ta kai dala 500 a kasuwar duniya ba. Zuwa 2010 ta haura dala 1,200. Manomin da hatsinsa ba ya kai shi wata damina, ya ga cewa buhun dutse zai iya ba shi abin da gona ba ta ba shi. Wa zai ga laifinsa? Mutane suka riƙa haƙo duwatsu a daji suna kawowa gida. A tsakar gida ake farfasa su da guduma, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, wani lokaci injin da ake niƙa dawa da gero. A wanke garin a bakin rijiya ko kududdufi, a shanya a inda yara ke rarrafe. Mata da yawa da ke cikin kulle sun sami sana'ar da za su yi ba tare da sun fita ba.

Abin da ba a sani ba shi ne, dutsen da ake haƙowa a wasu ramukan cike yake da dalma. Ƙurarta ba ta da wari, ba ta kuma sa mutum ya faɗi nan take. Tana sauka a kan tabarma, da ƙwarya, da abinci, da yatsun yaro, yaro kuwa duk abin da ya taɓa baki yake kaiwa. Jikin ƙaramin yaro yana shanye dalma ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba, kuma ƙwaƙwalwarsa da ke kan girma ita ce gubar ke fara taɓawa.

Yara suka fara amai, da ciwon ciki, da jijjiga, da shiɗewa, suna mutuwa. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne, ko sanƙarau. Wasu suka ce iska ce. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka lura cewa maganin da ake bayarwa ba ya aiki, kuma sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa. Aka aika jini ƙasar waje aka gwada, aka gano gubar dalma ce.

A watan Mayu masu bincike daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka tare da jami'an lafiya na Najeriya suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, an rasa 118 a cikin shekara guda. Ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. Ku tsaya ku ƙirga yaran makarantar Lahadi ta ikilisiyarku, ku cire ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin yara 204 da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai ko sun wuce lamba 45 a ma'aunin likitoci, inda daga nan ne ake fara ba da maganin fitar da guba. Da yawa sun wuce 65, iyakar abin da na'urar gwajin ke iya nunawa. An ƙiyasta cewa yara kusan 400 ne suka mutu a yankin gaba ɗaya.

Magani kaɗai bai isa ba

MSF ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Akwai magani da ake haɗiya wanda ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, ana shansa na makonni. Sai dai likitocin sun fuskanci wata matsala: idan an yi wa yaro magani aka mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba, kamar zuba ruwa ne a kwando. A wasu wuraren da ake niƙa dutse, dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 10 cikin 100. Dole a fara tsabtace gidan kafin magani ya yi amfani.

Yadda aka yi shi ne, aka zo da masana daga kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith na Amurka, tare da ma'aikatar muhalli ta jihar Zamfara, da taimakon UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya. Sarakuna da hakimai suka ba da umarni a fitar da aikin dutse daga cikin gari. Sa'an nan mutanen ƙauyukan da kansu suka ɗauki fartanya da shebur da baro. A kwashe kayan ɗaki, a kankare saman ƙasar tsakar gida, a ɗura a buhu, a kai wani rami nesa da gari a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Ɗaki bayan ɗaki, gida bayan gida, lungu bayan lungu. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, ana tsere da damina. Daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011 aka yi Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Tungar Guru. Da aka gama duka, gidaje 820 aka kankare a ƙauyuka 8.

Muna ganin a nan ne darasin yake. Babu wanda zai dubi mutum a tsugune yana kankare ƙasa da fartanya ya ce ga wani babban aikin ruhaniya. Amma ku sake karanta labarin Basamariye a Luka 10, ku lura da yawan ƙananan ayyukan da ke ciki. Ya matsa kusa. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure. Ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ke nan shi ya taka da ƙafa. Ya kwana yana jinya. Da safe ya ba mai masauki dinari 2, kimanin ladan aikin kwana 2, ya kuma yi alkawarin biyan duk abin da ya ƙaru idan ya dawo. Firist da Balawe sun ga mutumin su ma. Wataƙila ma ransu ya sosu. Yesu bai faɗa mana abin da suka ji ba, abin da ƙafafunsu suka yi kaɗai ya faɗa.

Kuma kada mu manta da wanda Yesu ya zaɓa ya zama abin koyi. Basamariye ne, wanda masu sauraro ba su ɗauke shi a matsayin mai addinin kirki ba. MSF ba ƙungiyar ikilisiya ba ce, ba ta kowane addini ba ce. Mafi yawan waɗanda suka riƙe shebur Musulmi ne, haka ma iyalan da suka binne 'ya'yansu. Babu wanda ya tsaya tambayar addinin yaro kafin a ɗebi jininsa. Idan waɗanda ba su zo da sunan Almasihu ba sun yi haka, mu da muke ɗauke da sunansa ba mu da hujjar tsayawa a bakin ƙofa muna tambaya ko mai ciwon namu ne.

Bagega ta jira

Ƙauye na takwas shi ne Bagega, mafi girma a cikinsu, kuma inda aka fi niƙa dutse. An san halin da yake ciki, amma kuɗin tsabtace shi bai samu ba. Yara kusan 1,500 suna buƙatar taimako, likitoci suna nan kusa, magani yana nan, amma ba za a iya fara ba su ba sai an kankare gidajen. A watan Mayu na 2012 aka yi taro a Abuja aka roƙi gwamnatin tarayya ta saki naira miliyan 850 da ta alkawarta. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi ta magana. Wasu matasa 'yan Najeriya, ciki har da Hamzat Lawal, suka fara fafutukar ceto Bagega, suna ta tambayar inda kuɗin ya tsaya. Sai a farkon 2013 kuɗin ya fito, aka yi aikin a shekarar, aka fara jinyar yara.

Wannan ma wani reshen tausayi ne da ba mu cika koyarwa ba: buɗe baki domin wanda ba a jin muryarsa, kamar yadda Karin Magana 31 ta umarta. Waɗannan matasa ba su riƙe allura ko shebur ba. Naci suka yi, irin nacin gwauruwar nan da ta hana alƙali sakat a Luka 18. Dattawan ikilisiya da ke zuwa wurin kansila ko hakimi cikin ladabi, su koma, su sake komawa a kan maganar rijiya ko asibitin ƙauye, aikin jinƙai suke yi.

A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jihar, bayan kusan shekara 12. A tsawon lokacin ta gwada yara fiye da 8,000, ta ba fiye da 3,500 maganin fitar da guba.

Waɗanda suka rayu

'Yan jarida sun daɗe da tafiya, amma maganar ba ta ƙare ba. Magani yana hana mutuwa, yana rage gubar da ke cikin jini, amma ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa. Yaron da yake shekara 2 a 2010 yau saurayi ne. Wasu sun makance, wasu sun kurumce, wasu gaɓoɓinsu sun shanye, wasu suna fama da farfaɗiya. Waɗanda suka fi yawa ba a ganin kome a jikinsu, sai dai karatu ba ya zama a kansu, suna saurin mantuwa, ko saurin fushi. A gida a ce musu dolaye, a makaranta a yi ta dukansu a kan abin da ba laifinsu ba.

Akwai kuma maganar 'yan mata. Dalma tana ɓuya a cikin ƙashi shekara da shekaru. Idan mace ta ɗauki ciki, jikinta yana ɗebo abin gina ƙashin jariri daga nata ƙasusuwan, sai dalmar ta biyo ta shiga jikin ɗan tayin. 'Yan matan da suka yi rarrafe a waɗancan gidaje sun kai shekarun aure yanzu.

A nan sai mu kiyaye harshenmu. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, tambayarsu ta farko ita ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa (Yohanna 9). Yesu ya ture tambayar gefe, ya tsuguna ya kwaɓa ƙasa ya shafa masa a ido. Har yau mun fi saurin yin tambayar almajirai. Za ka ji ana cewa kwaɗayin zinari ne ya jawo musu, ko kuwa hukunci ne. Uwar da ta daka dutse a turminta abincin 'ya'yanta take nema, ba ta san abin da ke cikin ƙurar ba, kuma ta riga ta biya abin da ya fi ƙarfin kowace uwa. Wanda ya ƙara mata da zargi ya koma sahun abokan Ayuba, waɗanda suka kyauta kwana 7 da suka yi shiru, suka ɓata da suka fara bayani.

Me ikilisiyar ƙauye za ta iya?

Mun san halin da kuke ciki. Bayan dalma sai ga 'yan bindiga. A watan Janairu na 2022 an kai hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnati ta ce 58. Dubban mutane sun bar gonakinsu. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. Wasu ikilisiyoyin sun ragu, wasu sun watse, baikon da ake tarawa bai taka kara ya karya ba. Mai karatu zai iya cewa, mu da muke neman a taimake mu, da me za mu taimaki wani? Bulus ya ba Korantiyawa labarin ikilisiyoyin Makidoniya, waɗanda ke cikin tsanani da matsanancin talauci, amma su ne suka roƙa a bar su su sa hannu a gudummawar da ake tara wa mabukata na Urushalima (2 Korantiyawa 8). Kuma yawancin abin da maganar dalma ke buƙata daga gare mu ba kuɗi ba ne.

Abu na farko sani ne, da faɗa wa wani. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ɗage haramcin a watan Disamba na 2024. Da haramci da babu, talauci bai daina tura samari rami ba, har da 'ya'yanmu na ikilisiya. Irin wannan annoba ta sake ɓulla a 2015 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. Saboda haka kada dutse ko garinsa ya shigo gida ko kaɗan. Kada a yi amfani da turmin abinci ko injin niƙan hatsi wajen aikin dutse. Buhun da aka ɗauko dutse da shi kada a zuba masa hatsi, kada a shimfiɗa wa yaro. Ƙasar wurin niƙa kada a yi tubali ko yaɓe da ita. Wanda ya je aikin ya yi wanka ya sauya tufafi da takalma a can, kafin ya dawo ya ɗauki ɗansa. Jiƙa dutse da ruwa lokacin niƙa yana rage ƙura ƙwarai. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin gaba ɗaya. A wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci abinci, a kuma shanya hatsi a kan tabarma mai tsabta maimakon ƙasa.

Bari mu ƙara da wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido, sau da yawa dutsen dalma ne. Masu bincike a Amurka sun taɓa gwada wanda aka kai daga Najeriya suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Gara a bar idon jariri haka nan.

Wa zai kai wannan magana inda ake buƙatarta? Zumuntar mata. Akwai gidaje da yawa da fasto ko dattijo ba zai wuce zaure ba, amma mace za ta yi sallama ta shiga har ɗaki. Kuna haɗuwa da maƙwabtanku a rijiya, da gidan suna, da gidan gaisuwa, da wurin awon ciki. Idan kun ga buhun dutse a jingine kusa da murhu, ku faɗi abin da kuka sani cikin ladabi, kamar yadda za ku faɗa idan kun ga kunama kusa da tabarmar yaro. Ba sai an haɗa da wa'azi ba. Kada ma mu mayar da taimako ya zama tarko, domin Yesu ya warkar da kutare 10, ɗaya ne ya dawo, bai kuwa karɓe lafiyar sauran 9 ba.

Abinci ma yana da nasa aikin. Cikin da babu kome ya fi shanye dalma, haka ma jikin da ke da ƙarancin jini. Wake, gyaɗa, zogale, kuka, rama, nono, ƙwai da ƙananan kifi suna taimakawa. Ikilisiyar da ta ware kwano ɗaya daga kowane gida lokacin kaka domin 'yan gudun hijira da marayu, ba yunwa kaɗai take yaƙa ba.

Sai waɗanda gubar ta riga ta taɓa. Malaman makarantar Lahadi da na firamare, idan kuna da yaron da ya taso a gidan da ake aikin dutse kuma karatu yana yi masa wuya, ku ajiye bulala. Ku zaunar da shi a gaba, ku maimaita masa, ku ba shi abu kaɗan-kaɗan. Saurayin da karatu ya gagara zai iya kiwo, ko saƙar tabarma, ko aikin lambu, idan ya sami mai haƙurin koya masa. Uwar da ke jinyar ɗa mai shanyewar jiki shekara da shekaru ba ta iya zuwa kasuwa ko biki. Mata biyu ko uku su raba kwanaki, kowace ta zauna mata da shi rabin yini a mako, samari su ɗebo mata ruwa da itace.

Idan yaro ya fara jijjiga, ko yawan amai da kasala, kuma akwai mai aikin dutse a gidan, ku yi addu'a kuna tafe, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya irin aikin da ake yi a gidan, domin alamun suna kama da na zazzaɓin cizon sauro. Mace mai ciki da ta girma a Dareta, Abare, Bagega, 'Yargalma ko wani ƙauyen da aka yi wannan aiki, ta faɗi haka tun ranar farko da ta je awo, ta tambaya ko za a iya gwada jininta. Idan hanyar ba ta da lafiya ko babu kuɗin mota, dattawa su san da maganar tun kafin ranar ta zo, a shirya wanda zai raka ta.